Kada Mu Tsallake Gyaɗa Mu Tafi Neman Almon

'Yan'uwa manoma, da iyayenmu mata na ƙungiyoyin zumunta, wata magana ta soma yawo a tarurrukanmu na gama kai a ƙasar Kura da Bunkure, ya kamata mu dube ta da kyau tun ba a taɓa asusu ba. Maganar ita ce ta wani irin biskit da ake gasawa ba da garin alkama ba, sai da garin wani ɗan itace da ake kira almon. 'Ya'yanmu da suke aiki a birni su suka kawo labarinsa. Sun ce ana sayar da garin cikin 'yan ƙananan ledoji da tsada ƙwarai, masu ciwon sukari da masu son rage ƙiba kuwa suna nemansa. Har waɗansu ƙungiyoyin mata sun kawo shawara a ɗebi kuɗi daga asusu a sayo garin, a gasa, a kai birni a sayar, a kuma riƙa ba marasa lafiya na ikilisiya.

Niyyar tana da kyau. Amma ra'ayinmu shi ne kada a kashe ko kwabo a kan almon. A yi biskit ɗin, amma a yi shi da gyaɗarmu, a kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da yake yi da abin da ba ya yi.

Asalin wannan biskit na mutanen Sikotilan ne, can arewa da Ingila. Abu uku kaɗai ke cikinsa: awo ɗaya na sukari, biyu na man shanu, uku na garin alkama. Ba yisti, ba ruwa. Yawan man ne ke sa ya zama mai gautsi, yana shiga baki ya narke. Daga baya waɗansu suka cire alkamar suka sa garin almon, suka cire sukarin suka sa wani abin zaƙi wanda ba ya ɗaga sukarin jini. Sai suka ba shi kirari biyu, wai ba shi da gulutin, kuma sitacinsa kaɗan ne. Mutanenmu da yawa sun ɗauka kirarin nan biyu abu ɗaya ne, alhali kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban.

Gulutin shi ne danƙon nan da ke cikin alkama. Duk macen da ta taɓa kwaɓa funkaso ko ta murza taliya ta san shi, gama shi ne ke sa ƙullin ya yi ta miƙewa bai tsinke ba. Akwai mutanen da hanjinsu ba ya jure shi, suna fama da zawo, da kumburin ciki, da rama, da ƙarancin jini. A duniya ana ƙiyasta su kamar mutum ɗaya cikin ɗari. Cutar ba ta Turawa kaɗai ba ce: a 1999 likitoci sun gwada yaran Sahrawi a sansanonin gudun hijira na Aljeriya, inda garin alkama ya zama abincin kullum, suka sami fiye da biyar cikin ɗari suna da ita. Amma sai an gwada a asibiti ake tabbatarwa. Yawancin waɗanda ba su da wannan cuta, danƙon alkama ba ya yi musu kome. Abin da zai ba mu dariya kuma shi ne, dawa, da gero, da maiwa, da masara, da shinkafa, da acca, duk ba su da gulutin. Watau tuwon da kakanninmu suka ci, da furar da muke sha a gona, sun riga sun cika wannan kirarin tun kafin a ƙirƙiro shi. Kada wani ya sayar mana da abin da ke cikin rumbunmu.

Kirari na biyu shi ne mai nauyi a gare mu. Sitacin da ke cikin hatsi, in ya shiga ciki, sukari yake zama. Mai ciwon sukari jikinsa ba ya iya sarrafa shi yadda ya kamata, sai ya taru a jini, a hankali ya taɓa ido, da ƙoda, da ƙafa. Ƙungiyar duniya mai lura da wannan ciwo ta ƙiyasta a 2021 cewa manya fiye da miliyan 3 suna da shi a Nijeriya, da yawa kuwa ba su ma sani ba. A dā mukan ce ciwon masu kuɗi ne. Yanzu da wuya a sami majami'ar da ba ta da dattijo ko uwa da aka hana wa sukari. Irin waɗannan, da safe kowa yana shan shayi da burodi, su sai su zura ido. Abin da ya taɓa zuciyar iyayenmu mata ke nan, mun kuwa gane.

To, me ya sa ba almon ba?

Almon ba baƙo ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki. Yana cikin tsarabar da Yakubu ya sa 'ya'yansa su kai wa mai mulkin Masar, a Farawa sura 43. Sandan Haruna da ya yi toho a Littafin Ƙidaya sura 17, almon ya haifa. Amma a lura, Yakubu daga albarkar ƙasarsa ya ɗiba, bai aika a sayo masa daga nesa ba. Itacen almon yana son ƙasa mai dogon sanyin hunturu da rani marar ruwa, irin ta bakin Bahar Rum. Sanyin da muke samu daga Disamba zuwa Janairu bai ishe shi ya yi fure sosai ba. Itacen inuwar nan mai faɗin ganye da ake dasawa a makarantu, wanda waɗansu ke kira almon, wani iri ne daban. Yau wajen kashi 80 cikin 100 na almon ɗin duniya daga jihar Kalifoniya ta Amurka yake fitowa, inda ake ƙiyasta ƙwara ɗaya tana shan ruwa kusan lita huɗu kafin ta nuna. Daga can sai jirgin ruwa, sai Legas, sai mota zuwa Kano, kowane zango da kuɗinsa, kuma da dala ake biya. Tun da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023, kowa ya ga yadda kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Ƙungiyar da ta gina sana'arta a kan garin da ba ta nomawa, ba ta kuma da ta cewa a farashinsa, ta yi gini a filin aro.

Yanzu mu ɗora su a ma'auni. A cikin giram 100 na farin garin alkama, fiye da giram 70 sitaci ne. A almon, sitaci da sukari da dusar da ciki ba ya narkarwa, duka wajen giram 20 ne. A gyaɗa kuwa wajen giram 16, rabinsa ma dusar ce. Wajen abin gina jiki, gyaɗa tana da kamar giram 25, almon 21. Kusan rabin kowannensu mai ne. Ashe a kan abin da ake yabon almon dominsa, gyaɗa ba ta bi bayansa ba, ta ma ɗan sha gabansa. Riɗi ma yana kusa da su. Aya ce kawai za mu ja kunne a kanta: ba ta da gulutin, gaskiya ne, amma tana da sitaci da zaƙi da yawa, saboda haka ba ta shiga wannan layi.

Abin kunya ne a ce ɗan ƙasar Kano yana neman a koya masa darajar gyaɗa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ce ta gina birnin nan. Iyayenmu sun ga dalar gyaɗa da idonsu, irin wadda su Alhassan Ɗantata suka tara. Farin shekarun 1972 zuwa 1974 ya raunana ta, kuturtar gyaɗa ta 1975, wadda darɓa ke yaɗawa, ta ƙarasa ta, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin gwamnati. Amma gyaɗa ba ta bar gidajenmu ba. Mata ne suka riƙe ta, da turmi, da kasko, da kwalbar mai. Kowace mai yin mai ta san kuɗin man shi ke mayar da uwar kuɗi, riba a tunkuza take. Wannan tunkuzar ita ce garin biskit ɗinmu.

Ga yadda muka ga ya fi yin kyau, ko da yake kowace ƙungiya sai ta gwada ta daidaita hannunta. A soya gyaɗa sama-sama, kada ta yi ja, gama za ta sāke shiga wuta. A murje ɓawon, a sheƙe, a kai niƙa, a matse mai kamar yadda aka saba. Kada a sa gishiri, ko barkono, ko wani gari. A baza tunkuzar siriri a kan tire mai tsabta, a rufe da ƙyalle marar kauri saboda ƙuda, ta bushe ƙarau, sa'an nan a daka a tankaɗe da rariya mai laushi. Da yake an cire mai, sitacinta yakan ɗan hau zuwa wajen giram 30 cikin 100, amma har yanzu bai kai rabin na alkama ba, rabinsa kuma dusa ce.

A auna gwangwanin madara biyu na wannan gari, da rabin gwangwani na dakakken riɗi, da rabin gwangwani na man shanu mai daskarewa, da ƙwai ɗaya, da ɗan gishiri a bakin yatsa, da garin citta ko kanumfari don ƙanshi. Ƙwan nan ba ya cikin na Sikotilan, amma mu dole ne, gama babu danƙon alkama da zai riƙe ƙullin. A murza man da garin da yatsu har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, a fasa ƙwan, a haɗe shi curi guda. In ya yi tauri a ƙara mai cokali ɗaya, kada a zuba ruwa. A watannin zafi a yi kwaɓin da sassafe, a ajiye shi a gindin randa rabin sa'a ya kama jikinsa. A mulmula shi dogo kamar taɓarya ƙarama, a yanka da kaurin ɗan yatsa, a huda da cokali mai yatsu. Wadda ba ta da murhun gashi sai ta yi yadda ake gasa kek na Kirsimeti: tukunyar ƙarfe, yashi a ƙasa, tire a kan duwatsu uku, murfi da ɗan garwashi a sama. Wuta ta zama mai sanyi. Mai ma'aunin zafi ta tsaya a 160, minti 12 zuwa 15. Gyaɗa tana ƙonewa da sauri fiye da alkama, in ta ƙone kuwa ɗaci take yi. Da bakin ya soma ja a sauke. Kada a taɓa shi da zafi, zai wargaje a hannu. Sai ya huce sarai yake yin ƙarfi. Kuma a riƙa yin kaɗan-kaɗan, gama abin da mai ya yi wa yawa ba ya jimawa a zafinmu sai ya soma wari.

Ba mu ambaci sukari ba, da gangan. Nan ne gardama take. Mun ji ana cewa a sa zuma, ko dabino, ko mazarƙwaila, wai su na Allah ne ba na kamfani ba. Duk na Allah ne, amma jinin mai ciwo bai san bambancinsu ba, duk sukari ne a wurinsa. Gyaɗa da riɗi suna da nasu garɗin, da yawa sukan ci haka nan da shayi. Wanda ke son zaƙi ya tambayi ma'aikacin lafiya irin ƙwayar zaƙin da ta dace da shi. In kuwa ƙungiya ta ga sai ta sa cokali biyu na sukari don masu saye na kasuwa, to, ta yi kashi biyu, ta rubuta a jikin kowace leda wanda ke da sukari da wanda ba shi da shi.

Akwai abu ɗaya da almon ɗin kanti ya fi mu, ba za mu ɓoye ba. Shi an tantance shi kafin a ɗaure. Gyaɗa tana da maƙiyi wanda ido ba ya cika gani, watau dafin da fumfuna ke haifarwa, wanda masana ke kira afalatoksin. An gano shi ne bayan 1960, sa'ad da talotalo wajen 100,000 suka mutu a Ingila saboda an ba su tunkuzar gyaɗa mai fumfuna da aka kawo daga Barazil. A jikin mutum yana cin hanta a hankali har ya kai ga ciwon daji, yana kuma tsumburar da yara. Suya ba ta kashe shi, gashi ma haka. In an matse mai kuwa, yawancinsa a tunkuza yake zama. Kowa a cikinmu ya san abin da ake yi a gidaje da yawa: a zaɓi ƙosassar gyaɗa a kai kasuwa, a bar motsattsiya da fasasshiya da mai baƙi-baƙi a yi ƙuli-ƙulin gida da ita. Idan da irin wannan za a yi biskit a miƙa wa marar lafiya da sunan taimako, gara a bari. Mun fi so a ce ƙungiya ba ta yi kome ba da a ce ta ba dattijon ikilisiya dafi cikin leda mai kyau.

Maganin abin a hannunmu yake, aiki ne kawai. A cire gyaɗa da zarar ta nuna, kada ta daɗe a ƙasa. A shanya ta a kan tabarma ko tamfol, ba a kan turɓaya ba, har ƙwarar ta riƙa kaɗawa cikin kwanso. Kada a yayyafa mata ruwa don ɓara ta yi sauƙi. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango. Kafin suya, a zauna a tsince da hannu, duk wadda ta motse, ko ta fashe, ko ta sauya launi, ko ƙwaro ya huda, a fitar, kada ma a ba kaji ko akuya mai nono. Akwai kuma maganin gona mai suna Aflasafe, wanda cibiyar IITA ta Ibadan ta fitar, ana watsa kilo 10 a hekta ɗaya, yana rage dafin ƙwarai tun daga gona. Wannan irin sayayya ce ta dace da asusun gama kai. Shi ya sa muke cewa ƙungiya ta yi aiki da gyaɗar 'ya'yanta, wadda ta san gonarta da rumbunta, kada ta sayi tunkuza ko garin ƙuli a kasuwa. Ban da fumfuna, wani yakan ƙara gari a ƙulinsa don ya yi auki.

Mun san akwai manoman alkama a cikinmu da za su ce, wato yanzu malaman gona sun juya wa alkama baya ke nan? A'a. Da alkama a zuciya aka gina madatsar Tiga, aka gama ta a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta Kadawa zuwa gonakinmu, aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976. Dattawanmu suna tuna 1987, sa'ad da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama, farashi ya tashi, kowa ya shuka. A farkon shekarun 1990 aka ɗage hanin, farashi ya faɗi, da yawa suka koma shinkafa da tumatir. Har yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ƙasar nan ke ci daga waje take zuwa, saboda haka mai noma ta yana da kasuwa, gurasa da alkaki da taliya kuma ba inda za su. Biskit ɗin gyaɗa ba kishiyar alkama ba ne. Amma labarin 1987 ya isa ya nuna mana yadda sana'a ke tashi ta faɗi da sa hannun mutum ɗaya a ofis. Gyaɗa, ko an buɗe iyaka ko an rufe, tana da mai saye a ƙofar gida.

Gonar ma tana son ta. Fegin da ya sha shinkafa bisa shinkafa shekara da shekaru ya gaji, gyaɗa kuwa tana mayar wa ƙasa ƙarfi ta saiwarta. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da iri mai suna SAMNUT 24 a 2011, wanda ke nuna cikin wata uku, yana kuma jure kuturta. Ana iya shuka shi da ban ruwa bayan sanyi ya wuce, a cire kafin damina ta kankama. A lokacin nan harawa tana da tsada, mai kiwo zai biyo ka har gona. Sai dai a kiyaye lissafin kwanaki, gama in ruwan farko ya sami gyaɗa a shanya, an koma gidan jiya wajen fumfuna.

Saura maganar gaskiya wajen sayarwa, ita ce ta fi damun mu. Motocin masu magani da lasifika sun cika kasuwanninmu, kowa da kwalbarsa mai warkar da sukari cikin kwana bakwai. Ranar da aka ga ledar ƙungiyar ikilisiya ta ce biskit yana warkar da ciwon sukari, mun zama ɗaya da su, maƙwabtanmu Musulmi da suke saye a hannunmu saboda sun yarda da awonmu za su daina, sunan da za a ɓata kuwa ba namu kaɗai ba ne. Biskit ɗin nan ba magani ba ne. Amfaninsa shi ne ya tsaya a madadin burodi ko cincin a lokacin shayi, guda biyu ko uku, ba tare da ya ɗaga sukarin jini kamar su ba. Wanda ya ci shi da safe, da dare kuma ya share malmala uku ta tuwon shinkafa, bai yi wa kansa kome ba. Yana da mai da yawa, mai son rage ƙiba da ya cinye leda guda ƙara ƙiba zai yi. Kada kowa ya bar ƙwayarsa ko allurarsa saboda shi. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna, gama abin gina jikin da ke ciki yana da yawa. Akwai kuma waɗanda jikinsu ba ya karɓar gyaɗa sam, saboda haka a rubuta gyaɗa da riɗi da ƙwai a fili a jikin leda. Idan an niƙa gyaɗar a injin da ake niƙa alkama, ko an gasa a tiren da aka gasa kek ba a wanke ba, kada a rubuta cewa ba gulutin. Masu ciwon sukari na cikinmu kuma su riƙa zuwa a duba musu ido ko da ba ya ciwo. Asibitin Ido na ECWA yana nan a Kano.

Shawararmu ga kwamitocin da wannan magana ke gabansu ita ce, kuɗin da aka yi niyyar sayen almon da shi a raba shi uku. Kashi ɗaya a sayi irin gyaɗa mai kyau a ba mambobi biyu ko uku su noma wa ƙungiya. Kashi ɗaya a sayi tamfol na shanya, da rariya, da tire wanda ba za a gasa kome a kai ba sai wannan. Sauran a riƙe don ƙwai da man shanu. A fara da tiya biyu ta gyaɗa. A naɗa mata biyu masu tsinta, waɗanda in sun ce wannan buhu bai yi ba, ko na matar mai bishara ne, maganarsu ta zauna. Gashin farko kada a sayar, a kai wa ma'aikacin lafiya na asibitin da ke kusa tare da takardar abin da aka zuba a ciki, a ji ta bakinsa kafin a ɗaura leda ta biyu.